Sana'ar abinci a gidan haya a Legas: za a iya rufe mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gidan haya a Agege, ina yin dambun nama da cincin da zoɓo ina sayarwa ta WhatsApp. Maƙwabciyata ta ce gwamnati na iya rufe mini wuri. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a nema. Kwantar da hankalinki, sai dai maganar tata ba ta rasa tushe ba.

A Legas, kowane gini da abin da aka amince a yi a cikinsa: zama, kasuwanci ko masana'anta. Dokar tsara birane ta jihar ta 2010 ce ta shimfiɗa haka, hukumar jihar mai kula da tsarin gine-gine, wato LASPPPA, ke ba da izini. Mayar da gidan zama shago ko gidan abinci sai da izinin sauya amfanin ginin, kuma wannan a wuyan mai gida yake. To, in girki kike yi a kicin ɗinki ɗan aike ya zo ya ɗauka, a ganina gidan yana nan a matsayin gidan zama. Rigima tana tasowa ne ranar da kika kafa rumfa a ƙofar gida, kika jera benci, ko kaya suka fito bakin titi, domin jihar ta haramta kasa kaya a titi. Hayaƙi da ruwan wanke-wanke a kwata su ne ke kai maƙwabta ƙara, don Allah ki kiyaye su.

Kafin gwamnati ma, fara da mai gida. Takardar haya da yawa an rubuta a ciki cewa don zama kaɗai ne. Ki samu yardarsa a rubuce, ta baki ba ta isa ba.

Sai ƙaramar hukuma, wadda tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kula da wuraren sayar da abinci. Ki je sashen duba-gari da ƙafarki, ki yi gwajin lafiya na masu sarrafa abinci, ki adana takardar, kuma duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit.

Ranar da kika fara ɗura dambu ko zoɓo a roba da sunanki a jiki kina kai wa shaguna, kin shiga hurumin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tukuna, sannan ki nemi lambar NAFDAC. Za su zo su duba inda kike aikin, saboda haka ki ware masa wuri nesa da banɗaki da ɗakin kwana.

Farar robar nan ta soso da ake zuba abinci kuwa, Legas ta hana amfani da ita tun Janairun 2024, ki nemi wani mazubin.