Ku Tambayi Mama: Dariya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'ya'yana. Wasiƙu uku na ware a wannan makon, duk daga nan cikin Kano suka fito kuma duk a kan zaman nazari suke.

TAMBAYA: Mama ina gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ni nake jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a cocinmu duk Laraba da yamma, in an cika mun kai mu ashirin. Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu da Allah ya hore wa barkwanci, ko aya aka karanta sai ya samo abin da zai ce kowa ya fashe da dariya, gaskiya wasu ma saboda shi suke zuwa. To kwanaki wani dattijon ikilisiya ya leƙo ya tarar ana ta ƙyaƙyatawa, ya ja ni gefe ya ce mun mai da Maganar Allah wasan yara, wai in hana dariya gaba ɗaya. Ni kuma tsoro nake kada yaran su watse. Ya zan yi? Ɗanki daga Sabon Gari.

AMSA: Ɗana sannu da ƙoƙari, tara matasa ashirin ranar Laraba a garin nan, bayan an sha rana an sha cunkoson adaidaita sahu, ba ƙaramin aiki ba ne. Kar ka hana dariya. Amma kuma kar ka yi watsi da maganar Baba, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Littafin da kuke karantawa ai shi kansa da dariya a cikinsa. Ka buɗe Farawa sura 18, Saratu tana laɓe a ƙofar alfarwa ta ji ana cewa za ta haihu bayan ta tsufa tukuf, ta yi dariya a ranta, da aka tambaya tsoro ya kama ta ta ce ita ba ta yi ba, aka ce mata a'a kin yi. Da yaron ya zo, Ibrahim yana da shekara 100, sunan da aka raɗa masa Ishaku, ma'anarsa dariya, kuma a sura 21 ita da bakinta ta ce Allah ya sa ta dariya, duk wanda ya ji labarin zai taya ta. Ka duba Ayyukan Manzanni sura 12, an taru ana ta yi wa Bitrus addu'a yana kurkuku, ga shi ya fito yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar nan Roda ta gane muryarsa, don tsabar murna ta manta ba ta buɗe ba ta ruga ciki da gudu, masu addu'ar kuma suka ce mata haukacewa ta yi, shi kuwa bawan Allah yana waje yana ta bugu. Wa zai karanta wannan fuskarsa a murtuke? Ubangiji Yesu da kansa ya yi maganar mutumin da gungume ke cikin idonsa yana neman cire ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa, da masu tace ɗan ƙwaro a abin sha amma su haɗiye raƙumi. Mu da muka san raƙumi mun san girman abin da ake cewa an haɗiye. Karin Magana 17:22 kuma ta kira zuciya mai fara'a magani.

To ina matsalar take? Abin da zan so ka riƙa lura da shi duk lokacin da aka kwashe da dariya shi ne, a kan wa ta sauka. Bari in ba ka abin da na gani da idona shekarun baya. Muna nazari da daddare an ɗauke wuta, fitilar ƙwai ɗaya ce a kan tebur ga zafi, muna karanta Ayyukan Manzanni sura 20 inda Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare a Taruwasa, saurayin nan Aftikos barci ya kwashe shi a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku. Ana cikin karatun sai ga wani ɗan'uwa a ƙarshen benci kansa yana ta langaɓewa, wani ya ce a riƙe shi fa kar mu ma mu samu namu. Kowa ya yi dariya, shi ma da ya farka ya gane abin da ya faru ya yi, ya goge fuska da hularsa aka ci gaba. Ranar babu wanda ya ji ciwo. Amma mako na gaba yana shigowa aka ce ga Aftikos, na gaba ma haka, har yara suka ɗauka suna kiransa da shi a harabar coci. Mutumin nan gadi yake yi da dare, da rana kuma ya tura baro a kasuwa, wannan awa ɗayan da yake zuwa nazari daga cikin barcinsa yake yanko ta. Wata biyu ba a yi ba ya daina zuwa. Na bi shi har gida, ya shimfiɗa min tabarma ya kawo ruwa, ya ce ba komai Mama, aiki ne ya yi yawa, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Har yau in na tuna abin yana sosa min rai, don ina wurin tun ranar farko kuma ban buɗe baki da wuri ba.

Akwai wata aya da ban cika jin ana karanta ta ba, Karin Magana 26:18-19, ta kwatanta wanda zai cuci maƙwabcinsa sannan ya ce ai wasa nake yi da mahaukacin da ke harba kibau da bakin wuta. Afisawa 5:4 kuma ta hana batsa da zancen wauta da ba'ar da ba ta dace ba. Ka ga ba fara'a aka hana ba. Mu Hausawa ma ai mun raba su tun tuni, raha daban, zolaya daban, habaici da shaguɓe da gatse kowanne da sunansa. Bakano da Bazazzagi za su yini suna tsokanar juna, Bafulatani da Babarbare haka, taubasai haka, jika da kaka haka, kuma ba a faɗa, saboda kowa ya san da wasan kuma kowa yana da bakin ramawa. Wurin nazari ba haka yake ba. Ga wanda ya taso a Wusasa, ga na Sumaila, ga wanda ya zo daga Jos ko Adamawa Hausarsa tana mai da mace namiji, ga wanda shigowarsa cikin masu bi ke nan bai ma san ina Habakuk yake a cikin Littafin ba. Wanda ba zai iya ramawa ba, ba abokin wasa ba ne.

Shi ɗan'uwan naka mai barkwanci, kar ka tsawata masa a gaban jama'a. Ka tuna yadda Biriskila da Akila suka yi da Afolos a Afisa, mutum ne mai baki da sanin Nassi amma da sauran gyara, ba su katse shi a majami'a ba, jan shi gefe suka yi suka ƙara masa haske. Ka saya masa shayi bayan an tashi, ka faɗa masa gaskiya cewa baiwarsa tana jawo mutane, sannan ku yi yarjejeniya: ba a wasa lokacin da ake karanta aya ko ana addu'a, ba a wasa da sunan Allah, ba a taɓa karatun wani ko tambayarsa ko Hausarsa ko aljihunsa. In ƙara maka ɗaya da nake ɗauka da nauyi ƙwarai, ba a yi wa addinin maƙwabtanmu Musulmi ba'a, ko ƙofa a rufe take. Da yawanmu kawunnanmu da gwaggonninmu Musulmi ne, tare muke biki tare muke zaman makoki, kuma magana zarar bunu ce. Wani zai kawo maka Iliya da ya yi wa annabawan Ba'al 450 ba'a a Dutsen Karmel, ka ce masa wancan annabi ne da aka aiko ya tsaya gaban sarki Ahab da ransa a hannu, ba zaman nazarin Laraba ba ne. Sannan ka ba mai barkwancin aiki, ya riƙa buɗe zaman da tarbar baƙi minti biyar ɗin farko. Shi kuma Baba ka koma ka gode masa, ka gaya masa abin da kuka tsara, ka roƙe shi ya zo ya zauna da ku tun daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya ne.

TAMBAYA: Mama ni da girmana na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, bayan na haifi yara huɗu. Ran nan a nazarin Zumuntar Mata aka ce in karanta 2 Sama'ila sura 9, na zo kan sunan ɗan Yonatan ɗin nan na kasa, sau uku ina maimaitawa, sai wasu 'yan mata a baya suka fara dariya ƙasa-ƙasa, har da wata babba. Shugabarmu ba ta ce komai ba. Tun ranar ban sake zuwa ba, mako uku ke nan. Laifi ne in na zauna a gida na yi karatuna ni kaɗai? 'Yarki daga Badawa.

AMSA: 'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma da hannunki kika rubuta ta, wannan kaɗai abin godiya ne. Sunan Mefiboshet ne, ki raba shi gaɓa-gaɓa, Me-fi-bo-shet, kuma ki sani sunan Ibrananci ne, masu digiri ma harshensu yana sarƙewa a kansa. Ba ki yi abin kunya ba. Waɗanda suka yi dariyar su suka yi kuskure, shugabar ma ta yi nata da ta yi shiru, kamata ya yi nan take ta faɗi sunan a hankali ta ce ci gaba 'yar'uwa muna jin ki, da an wuce wurin.

Amma kin lura da surar da aka ba ki kuwa? Mefiboshet gurgu ne ƙafa biyu, tun yana ɗan shekara 5 mai renonsa ta sure shi a guje ya faɗi ya nakasa, yana zaune can Lodebar a gidan wani ba wanda ya damu da shi, da Dawuda ya aika aka kawo shi har kiran kansa ya yi mataccen kare. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa Saul ya ce kullum a teburin sarki zai ci abinci. Wannan labarin kike karantawa aka yi miki dariya. Ki koma 'yata, kujerarki ce. Karatu a gida yana da kyau kuma kar ki bari, amma garwashi ɗaya in an ware shi gefe ba ya daɗewa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Likita Mila, Baturen mishan, suka sha wahalarsa shekara da shekaru, kuma don irinki aka yi shi, don mace ta buɗe ta karanta da harshen da take yi wa 'ya'yanta magana. Iyayenmu da suka rayu da tsohon juyi har yanzu Matta suke cewa da Misalai da Yohanna, yara na cewa Matiyu da Karin Magana da Yahaya, na sha ganin an yi wa tsohuwa murmushi a kan wannan ma, alhali ita ta haddace abin da su ba su ko karanta ba.

Kafin ki koma ki bi Matiyu 18:15, ki sami shugabar ku biyu kawai, ki gaya mata abin ya yi miki ciwo, ba da faɗa ba. Mai yiwuwa ita ma abin yana damunta ta rasa ta inda za ta ɓullo. Ki roƙe ta ta riƙa ba ki ayoyin da za ki karanta tun ranar Lahadi ki yi bita a gida da yaranki. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna haɗuwa.

Ku kuma shugabannin zumunta da ke karanta wannan, in mace ta yi mako biyu ba ku gan ta ba, ku taka ku je gidanta, kar ku tsaya jiran ta aiko.

TAMBAYA: Mama akwai wani a rukuninmu in ya karɓi magana ba ya saki, tambaya ɗaya sai ya yi minti ashirin, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba, kunyar katse shi nake. Ɗanki daga Nomansland.

AMSA: Kunyar taka tarbiyya ce ɗana, ka riƙe ta. Kar ka katse shi a tsakiyar magana, tun kafin a fara za ka sa ƙa'ida ga kowa da kowa, har da kai, minti uku-uku, ka ɗora agogo a kan tebur inda kowa ke gani. Bulus ma ya tsara wa Korantiyawa haka a wasiƙarsa ta fari sura 14, mutum biyu ko uku su yi magana bi da bi, in wani na zaune ya sami abin faɗa na farkon ya dakata. Idan lokacin Baba ya cika ka jira ya ja numfashi ka ce mun gode Baba, bari mu ji ta bakin 'yar'uwar can da ba ta ce komai ba tun ɗazu. Sau da yawa irin waɗannan dattawan a gida ba mai sauraronsu ne, don haka ka ware wata Asabar ka kai masa ziyara ka bar shi ya yi ta ba ka labari, sannan ka roƙe shi ya riƙa rufe muku zaman da addu'a.