Tambaya da Amsa: Wane Suwic Mai PoE Ya Dace da Ƙaramin Ofis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani ƙaramin ofis, kuma muna shirin sanya kyamarorin tsaro 4, da wayoyin tebur 5 masu aiki ta intanet, da na'urorin Wi-Fi 2 da za a maƙala a silin, ban da kwamfutoci 3 da firinta. An ba ni shawarar in sayi suwic, wato akwatin da ake jona kebul ɗin sadarwa na dukkan na'urori a kafofinsa, mai PoE, domin kebul guda ya kai wa kowace na'ura wuta da sadarwa tare. Na ga wani mai kafa 16, an rubuta wat 120 a jikin kwalinsa, sai na ɗauka ya wadatar tunda na'urorinmu 15 ne. Shin in saya, ko akwai abin da ya kamata in duba tukuna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, amma ina roƙonka ka dakata da sayen wannan suwic ɗin, domin adadin da ya fi muhimmanci a jikin kwalin shi ne wat 120 ɗin, kuma shi ne zai gaza maka. Wannan adadi jimillar wutar da suwic ɗin zai iya bayarwa ce ga dukkan kafofinsa a haɗe, kamar tankin ruwa guda da aka ja wa famfo da yawa, wanda ƙarin famfo ba ya ƙara masa ruwa.

Kafin mu yi lissafi, ya kamata ka san cewa PoE matakai ne da ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta tsara. Na farko, 802.3af, ya fito a 2003, yana bayar da wat 15.4 a kowace kafa, kodayake abin da ke isa ga na'ura bai wuce 12.95 ba, saboda wani kaso yana salwanta a cikin kebul. Na biyu, 802.3at, wanda ake kira PoE+, ya fito a 2009 da wat 30 a kafa, na'ura kuma ta samu 25.5. Na uku, 802.3bt na 2018, yana kaiwa wat 60 ko 90, kuma ofis irin naku ba ya bukatarsa a yanzu. Wayoyin tebur da kyamarori marasa juyawa galibi matakin farko ya ishe su, amma yawancin na'urorin Wi-Fi na zamani PoE+ suke nema, kuma idan ba su samu ba, wasu kan rage ƙarfin aikinsu ba tare da sun nuna wata alama ba, sai a yi ta zargin kamfanin intanet alhali laifin na wuta ne.

A nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Suwic da yawa ba sa duba ainihin wutar da na'ura ke sha a wannan lokacin, sai dai su ware mata iyakar abin da ajinta, wato rukunin wutar da aka sanya ta a ciki, ya ba ta dama. Idan muka ɗauka kyamarorinka suna ajin wat 15.4, guda 4 sun kama 61.6. Wayoyi 5 a ajin wat 7 sun kama 35. Na'urorin Wi-Fi 2 a wat 30 sun kama 60. Jimilla ta kai 156.6, ta zarce 120 nesa ba kusa ba. Ko da suwic ɗin irin mai lissafi da ainihin abin da ake sha ne, ka tuna cewa kyamara tana ƙara jan wuta da dare idan fitilunta na gani a duhu suka kunna, don haka komai na iya tafiya daidai da rana, sannan da dare suwic ɗin ya yanke wa wata kafa wuta, kyamara ta mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Saboda haka ka ɗauko takardar bayanin kowace na'ura, ka tara mafi girman adadin da aka rubuta mata, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kai. A ganina, ka nemi wanda jimillarsa ta doshi wat 200.

Batun kafofi ma yana da nasa tarkon. Na'urori 15 da kebul ɗin da zai tafi wurin rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, sun cinye kafa 16 kaf, ba ragi ko na ma'aikaci guda da za a ɗauka gobe, don haka mai kafa 24 ya fi dacewa da ku. Ka kuma karanta da kyau, domin akwai suwic mai kafa 16 da guda 8 kaɗai ke bayar da wuta, alhali kai kana da na'urori 11 masu bukatarta. Gudun kafofin ya kasance gigabit, wato megabit 1,000, kada ka yarda da mai megabit 100.

Abu guda da nake jaddadawa ƙwarai shi ne ka tabbata an rubuta 802.3af da 802.3at a jikin suwic ɗin. Wanda ke bin waɗannan ƙa'idoji yana gwada na'urar da aka jona masa tukuna, ba ya sakin wuta sai ya tabbatar tana nema, shi ya sa za ka iya jona kwamfuta ko firinta a kowace kafa hankali kwance. Akwai kuwa wani nau'in da ke tura wuta kai tsaye, sau da yawa bolt 24, ba tare da wani gwaji ba, kuma yana iya ƙona kafar na'urar da ba ta dace da shi ba.

Game da suwic mai saiti, wato wanda ake iya shiga ta kwamfuta a tsara aikinsa, da marar saiti, zan ba ka shawarar mai saiti, ko da mai sauƙi ne. Da shi za ka ware kyamarori da Wi-Fi ɗin baƙi daga kwamfutocin ofis ta hanyar VLAN, wato raba sadarwar gida-gida a cikin suwic guda, za ka ga wutar da kowace kafa ke ja, kuma idan na'urar da ke silin ta sandare, daga kan kujerarka za ka kashe kafarta ka sake kunnawa ba sai an ɗauko tsani ba. Sai dai ka sani cewa manyan suwic masu wuta da yawa kan zo da fanka mai ƙara, don haka a nema masa wuri mai iska nesa da teburin ma'aikata.

Kebul ɗin ya zama Cat5e ko Cat6 na tagulla zalla, kuma tsawon kowane layi kada ya wuce mita 100. Ka guji wanda aka yi da alminiyon aka shafe shi da tagulla, domin yana ɗaukar zafi kuma yana zubar da wuta a hanya. Tunda kuma kyamarori da wayoyi da Wi-Fi duka za su rataya a kan wannan suwic guda, ka jona shi da rauta da na'urar ɗaukar hotunan kyamara a kan UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, kuma wajen zaɓen girman UPS ɗin ka haɗa da wutar da suwic ɗin ke rabawa, ba wadda shi kansa ke sha kaɗai ba.