Tambaya da Amsa: Me Kyamara Take Gani a Hannun Ma'aikaci?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai masana da suke ɗaukar hoton mutum yana cikin aiki domin a rage masa wahala, aikin kuma ya ƙara sauri. Shin hoto zai iya nuna abin da idon mai duba aiki bai gani ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, domin akwai saurin da ido ba ya iya bi. A 1878, a Palo Alto ta ƙasar Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa, hotunansa suka tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duka suke barin ƙasa. A 1882 kuma Étienne-Jules Marey na Faransa ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda take ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda.

Waɗanda suka kai wannan dabara wuraren aiki su ne Frank Gilbreth da matarsa Lillian. Frank da jera bulo ya fara sana'a, kuma tun kafin ya fara ɗaukar fim ya rage motsin da magini yake yi wajen aza bulo ɗaya daga 18 zuwa kusan 5, musamman ta hanyar ɗaga kayan aiki sama yadda ba sai an yi ta sunkuyo ba. Daga baya suka koma ɗaukar fim, suna ajiye agogo a gefen ma'aikaci domin a auna tsawon kowane motsi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke ɗaura ƙaramin ƙwan lantarki a yatsan ma'aikaci, su bar idon kyamara a buɗe, sai duk hanyar da hannu ya bi ta fito kamar zare mai haske. Inda zaren ya yi kwana-kwana, nan ne ƙarfi yake tafiya a banza.

A ganina, darajar aikin tana wajen Lillian, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ta dage a kan rage gajiya, da samar da kujera da lokacin hutu. Idan aka ɗauki hoton ma'aikaci don kawai a matsa masa ya ƙara gudu, an ci amanarsa. Har ɗakin tiyata Frank da Lillian suka shiga, suka ba da shawarar ma'aikaciyar jinya ta riƙa miƙa wa likita kayan aiki a hannu, kada ya ɗauke ido daga kan majiyyaci yana lalube.