Amsar Tambayar Yaya Kan Tseren Motocin Garinmu

Yaya, barka da war haka, ya mutanen Gwammaja? Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ga hotona da yara a cikin dandazon Turawa, kana tambaya me ya kai mu kallon motoci suna zagaye wuri ɗaya, ko irin wasan motar nan ne da yaran masu kuɗi ke yi ranar biki, kuma ina muka kai sallah. Tambayar ta dace, shi ya sa na zauna na rubuta maka a tsanake.

Wannan tsere, da ake kira Indy 500, shi ne hawan sallar mutanen Indiyanapolis, garin da muke zaune a nan Amurka, ban sami abin da ya fi wannan kusa da shi ba. Yadda Bakano ke lissafin shekara da Hawan Daushe, ya san inda mahaifinsa ya saba tsayawa a Ƙofar Kudu, haka su ma. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kanikanci, kujerar da ubansa ya zauna a kai ita yake sabuntawa duk shekara. An gina filin tseren a 1909, aka fara tseren a 1911, kuma ana yin sa ne ranar Lahadi a ƙarshen watan Mayu, jajibirin ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi. Mutum wajen dubu 300 ke taruwa a rana ɗaya. Mazauna unguwar kan mayar da ƙofar gidajensu wurin ajiye motoci, su sami na cefane.

Shekaruna uku na farko ban ko leƙa ba. Dattijon nan ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da tikiti biyu a hannu. Mutumin da yake share mini dusar ƙanƙara idan na yi tafiya, ban ga ta inda zan ce masa a'a ba.

Motocin ba irin na titi ba ne. Mutum ɗaya suke ɗauka, kusan a kwance yake a ciki, tayoyin huɗu duk a fili ba abin da ya rufe su. A nan haɗarin yake, domin idan taya ta hau taya, mota tashi sama take yi. Suna da fukafukai gaba da baya, amma aikinsu danne motar a ƙasa ne, iska na tura ta ta manne da kwalta. Zagaye ɗaya mil biyu da rabi ne, wajen kilomita 4, kwana huɗu kuma duk hagu ake yi. Sau 200 ake zagayawa, mil 500 ke nan, kilomita 800 da 'yan kai. Ka ɗauka Kano zuwa Abuja da dawowa, saura kaɗan, a cikin kamar awa uku. Motoci 33 ke tashi, uku-uku a sahu goma sha ɗaya, gudunsu na haura kilomita 350 a awa.

A talabijin abin kamar ba komai. A wurin kuwa, lokacin da suka wuce mu a zagayen farko, bencin ƙarfen da muke kai rawa ya ɗauka, ƙarar ta shiga ƙirjina, ƙaramin ɗana ya ƙanƙame hannuna duk da toshiyar da na sa masa a kunne. Ido bai iya bin mota ɗaya, launi kawai kake gani ya gifta. Sai da dattijon ya yi ta nuna mini sannan na gane dabarar. Wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa yana laɓewa a jikinsa yana tattalin mai, sai ya ga dama ya fito ya wuce. Don haka jan gaba tun da wuri ba shi ne nasara ba. Ga kuma makanikai, su sauya taya huɗu su zuba mai cikin daƙiƙa bakwai ko takwas, kuskuren ɗayansu ya rushe aikin shekara. Na tuna yaran garejin Kofar Ruwa, na ce da za su sami irin kayan aikin nan, wallahi ba za a bar su a baya ba.

Batun sallah kuwa, kwantar da hankalinka. Ana tashi kafin ƙarfe ɗaya, azahar na shiga ana tsakiyar gudu, amma a wannan lokaci na shekara la'asar sai bayan biyar. Mukan je da alwalarmu, wasu su sauka su sami gefe su yi, wasu mu jira a gama mu shimfiɗa darduma a bayan mota mu yi jam'i. Ba wanda ya taɓa hana mu. A 2018 da 2019 tseren ya faɗo cikin azumi, ba wanda ya je a cikinmu, ba ma sai da aka yi shawara ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ana shan giya sosai. Akwai wani sashe a tsakiyar filin da matasa ke kiɗa da shaye-shaye tun safe, nan ba ma zuwa, ba ma barin yaranmu su nufi wajen. Gidaje biyar zuwa shida ne mu, da 'yan Kano da na Zariya da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, muna sayen kujeru a jere, mata a tsakiya. An yarda kowa ya shigo da abincinsa, don haka tun daren Asabar ake aikin dambun nama da waina da zoɓo. Caca kuma ba ma yi, ko ta wasa da abokan aiki kan haɗa a ofis. Sun riga sun saba, ba sa ma kawo mana takardar.

Akwai masu ganin bai kamata a je ba sam, har a cikinmu nan, kuma ina girmama ra'ayinsu. Ni dai abin da na duba shi ne yaran nan a nan aka haife su. Duk watan Mayu ba zancen da ake a makarantarsu sai wannan. Idan ban kai su da kaina na nuna musu inda ake zama da inda ba a zama ba, wata rana wani zai kai su.

Wani abu da zai burge ka: wanda ya ci tseren madarar shanu yake sha a gaban duniya. Al'adar ta samo asali daga wani direba, Louis Meyer, da ya nemi a ba shi tsala bayan ya yi nasara a 1936. Ranar da 'yata ta fara gani, cewa ta yi saura fura. Shi kuwa dattijon, tun da ya ɗanɗana dambun naman maman yara yake tambayar ranar da za a sake yi.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya. In Allah ya kai mu baɗi kuma bizarka ta fito, na riga na yi wa dattijon maganar ƙarin kujera ɗaya.