Tambaya da Amsa: Zan iya ƙera ƙaramin jirgi mai injin jet a gida?

Makon nan tambayoyinku sun kauce daga waya mai zafi da kwamfuta mai nauyi. Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a WhatsApp: Bature a filin ciyawa riƙe da rimot, gabansa ɗan jirgin yaƙi da tsawonsa bai fi na mutum ba. Ya kunna shi, ya yi kuka irin na jirgin gaske, ya zura a guje ya shige sama. Tun daga ranar saƙonni suke shigowa a kan wannan magana, ga biyar daga ciki.

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya ya ce: "Malam, na samo turbo na tsohuwar mota a wajen 'yan gwangwan, yayana kuma mai walda ne. Zan iya mayar da shi injin jet in ɗora wa jirgin da nake haɗawa?"

Ƙanena, injin zai iya kamawa, zai yi ihu har maƙwabta su fito, amma ba zai ɗaga jirgi ba. Gidan turbo, wato na'urar da ke matsa wa injin mota iska, ƙarfen zubi ne mai nauyi, kuma sandarsa ba ta juyawa sai ana tura mata baƙin mai da famfo. Kafin ka haɗa famfon, da tankin man, da tiyo, da tukunyar ƙona mai da yayanka zai yi wa walda, nauyin kayan ya ninka ƙarfin turin da injin zai bayar.

Amma tunaninka bai kauce ba, domin aikin ɗaya ne. Farfelar gaba tana zuƙo iska ta matse ta. Iskar ta shiga tukunya a zuba mata kalanzir a cinna wuta. Zafi ya kumbura ta, ta fita ta baya da ƙarfi, a hanyarta ta bugi farfelar baya, wadda sanda ɗaya ta haɗa ta da ta gaba. Ta baya ke juya ta gaba, ta gaba ke ciyar da wutar. Da zarar abin ya kankama, kansa yake riƙe da kansa.

Kuma an taɓa yi a gida. Wani Bajamushe mai suna Kurt Schreckling, a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, ya ƙera injin da ya kira FD3-64. Farfelar gabansa da katako ya sassaƙa ta, ya ɗaure ta da zaren kabon don kada ta tarwatse, gangar jikin injin kuwa gwangwanin gas ne irin na masu girki a daji. Injin KJ-66 da ya biyo baya ya ajiye katako ya ɗauki farfelar gaba ta turbo mai faɗin milimita 66. Ka ga ashe farfelar kaɗai ake cirowa daga turbo, a bar wa 'yan gwangwan sauran.

Inda gizo ke saƙa shi ne farfelar baya da kuma balansin. Injin da ke tura kilo 10, kamar P100 na kamfanin JetCat, yana juyi fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, wato sau 2,500 a daƙiƙa, iskar da ke fita daga bayansa kuma takan kai digiri 700 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfen da muke samu a kasuwa idan ya yi ja a irin wannan gudu miƙewa yake yi ya fashe. Shi ya sa ake zuba farfelar baya da Inconel, wani haɗin ƙarfe mai yawan nikel, a kuma sa boris mai ƙwallayen tangaran. Kowa ya san yadda sitiyari ke rawa idan balansin taya ya kauce, alhali taya ba ta kai juyi 1,000 a minti. To ka auna ɗan kaucewa kamar ƙwayar gero a juyi 150,000. Ba rawa zai yi ba, harsashi zai koma.

Shawarata: turbon nan ka yi shi a matsayin aikin makaranta, a ɗaure a kan benci, da katangar ƙarfe tsakaninka da shi, kada kowa ya tsaya a gefensa ko bayansa. Za ka koyi abin da allo bai koya maka ba. Na jirgi kuwa sayensa ake yi, daga irin su JetCat na Jamus, KingTech na Taiwan, Xicoy na Sifen ko Swiwin na Sin, kuma mai tura kilo 10 yakan kama daga wajen dala 2,000 zuwa sama. Injin kaɗai ke nan, ba a zo kan jirgi ba.

Wani mai gyaran waya daga Maraɗi: "Ba zan iya rubuta manhaja in tuƙa shi da wayata ta Wi-Fi ba, in huta da sayen rimot?"

A'a, ɗan'uwa, ko da wasa. Jirgin da ke gudun kilomita 250 a awa yana cinye kusan mita 70 a kowace daƙiƙa. Idan wayarka ta ɗan daskare na rabin daƙiƙa, ko kira ya shigo, jirgin ya tsallake gidaje biyu ba direba. Kuma 250 matsakaici ne: a 2017 wani Bajamushe, Niels Herbrich, ya kai kilomita 749 a awa da jirgin rimot. Ban da haka, gilashin waya ba ya gaya wa yatsa inda yake. Matuƙi idonsa na sama, ba ya kallon hannunsa, sandunan rimot ne ke sanar da shi ko yana tsakiya.

Rimot na gaske, irin na Futaba, Jeti, Spektrum ko FrSky, shi ma a zangon gigahaz 2.4 yake aiki kamar Wi-Fi, sai dai yana tsalle daga tasha zuwa tasha sau da yawa a daƙiƙa, kuma an gina shi ne don saƙo ya isa a kan lokaci, ba don ɗaukar bidiyo ba.

Amma akwai inda sana'arka za ta yi amfani ƙwarai. Injin jet yana zuwa da tasa 'yar kwamfutar, kamar ƙwaƙwalwar motocin zamani. Kai umarni kawai kake bayarwa. Ita ce ke juya sanda da ɗan ƙaramin injin lantarki, ta cinna wuta, ta ƙara wa famfon mai gudu kaɗan-kaɗan tana duba zafi da yawan juyi, idan abu ya wuce iyaka ta kashe. Bayan an sauka ma ita ke ci gaba da juya farfela har boris ya huce. Saita ta, da jera wayoyi nesa da zafi, da raba batirin rimot da na famfo, da sa batiri biyu don kada mutuwar ɗaya ta kayar da jirgi, duk aikin mai hannu irin naka ne. Wani saiti kuma ba a wasa da shi: idan saƙon rimot ya yanke, injin ya mutu da kansa. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AMA, ta ƙayyade daƙiƙa 2 kacal.

Wata malamar kimiyya daga Katsina: "Wane mai yake sha? Kalanzir na kasuwa zai yi?"

Malama, kalanzir ne abincinsa, mafi kyau na jirgin sama da ake kira Jet A-1, injina da yawa kuma suna karɓar man gas. Ana zuba masa man shafawa na musamman kashi 5 cikin 100, kusan lita 1 a jarkar lita 20, domin injin ba shi da tankin baƙin mai, wannan haɗin ne ke jiƙa boris. Tsorona da kalanzir na bakin titi shi ne gauraye. An sha jin fitila da risho sun yi bindiga saboda an haɗa kalanzir da fetur, to balle injin jet. A saya a inda aka amince, a tace sau biyu.

Ci gare shi kuma. Mai tura kilo 10 idan an buɗe masa wuta duka yakan sha fiye da sulusin lita a minti, tankin lita 2 zuwa 3 bai wuce tashin minti shida zuwa takwas ba. Ƙwayar iska ɗaya a cikin tiyo tana iya kashe shi a sama, don haka ake sa ɗan ƙaramin tanki tsakanin babban tanki da famfo mai tare kumfa. Mu nan muna da ƙarin matsala biyu: ƙurar hunturu tana cin farfela da boris, ragar da ake sa wa bakin injin kuwa tsakuwa da ciyawa take tarewa, ba ƙura ba. Zafin bazara kuma yana sa iska ta yi sako-sako, turi ya ragu, jirgi ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Yawancin kamfanoni suna so a mayar musu da injin su duba boris bayan awa 25 na aiki, sai a sa kuɗin aikawa a lissafi.

Wani matashi daga Kumasi: "Ban taɓa tuƙa ko ɗaya ba, amma ina da kwamfuta da firinta mai fitar da kaya. Daga ina zan fara?"

Daga kwamfutar. Sayi rimot mai sauƙin kuɗi kamar na RadioMaster, ka jona shi da kebul na USB, ka sauke manhajar koyon tuƙi. PicaSim kyauta ce, RealFlight da Aerofly RC na kuɗi ne. Abin da zai fara ruɗa ka shi ne idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta zama hagunka. Sai yatsunka sun daina tunani a kan wannan kafin ka fita fili. A kwamfuta faɗuwa kyauta ce, ka faɗi sau ɗari uku.

Daga nan ka haɗa jirgin soso mai fiffike a sama da injin lantarki, mai tafiyar hawainiya. Nawa na farko daƙiƙa biyar ya yi a duniya. Na ɗora batirin can baya, nauyi ya rinjaya wutsiya, ya ɗaga hanci kamar doki ya ga wuta, ya ƙare a kan dalbejiya. Ranar na gane ma'anar ɗigon da ake yi a zanen jirgi: idan ka ɗora fukafukan a kan yatsu biyu daidai wurin, dole jirgin ya tsaya, ko hanci ya ɗan sunkuya. A jirgin jet wannan ya fi tsanani, shi ya sa ake ajiye tankin mai kusa da ɗigon, don kada ma'auni ya sauya yayin da mai ke ƙarewa.

Mataki na uku jet na lantarki, mai fanka a cikin bututu, faɗin milimita 70 ko 80, da batiri mai sel shida. Kamanninsa na jet ne, saukarsa da gudu irin ta jet, minti uku zuwa huɗu batiri ya ƙare. Idan ka yi tashi hamsin da shi bai karye ba, sai mu yi zancen kalanzir. Ko a Amurka AMA ba ta ba mutum izinin injin jet sai ƙwararru sun ga tuƙinsa sun sa hannu. Kuma ka sani injin kalanzir ba ya amsawa nan take kamar lantarki, yakan ɗauki 'yan daƙiƙu daga zaman banza zuwa cikakken ƙarfi. Wanda ya zo sauka ya ga zai gaza fili, sannan ya tuna da ba da wuta, ya makara.

Firintarka za ta yi maka kujerar matuƙi, mazaunin batiri da kayan ado. Kada ka kusantar da robar PLA, wadda firinta ke aiki da ita, da injin, tun daga digiri 60 take laushi, mota ma aka bari a rana tana iya lanƙwasa ta. Gangar jirgin jet da faiba da katako mai falle-falle ake yi, salansar da ke ratsa cikinsa kuma ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, bango biyu, iska mai sanyi na bi ta tsakani. Dole tayoyi su kasance da birki, domin ko a zaman banza injin yana turi.

Na ƙarshe, daga Kaduna: "Sai na nemi izini?"

Ƙwarai. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar amincewa daga wannan ofishin. Ka fara da takardu kafin ka biya kuɗin injin, kada ya maƙale a hannun kwastan. A halin tsaron da ake ciki, abu mai kukan jirgin yaƙi a kan ƙauye ba zai yi wa kowa kama da wasa ba, don haka ka sanar da jami'an tsaro da mai unguwa. Ka nemi fili mai santsi nesa da gidaje, da filin jirgi, da barikin soja, da busasshiyar ciyawar rani. Ka tafi da mutum na biyu da zai riƙa duba maka sama, da tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, domin mai garin hoda tana lalata injin.