Shago a sabuwar unguwar da ba ta cika ba: in kama ko in jira?

Tambaya: Ana gina wata katafariyar unguwa mai tsari, gidaje dubbai a takarda, amma shekara uku ke nan aikin yana tafiyar hawainiya. An yi mini tayin shago a ciki da haya mai sauƙi. Kayan masarufi nake sayarwa. In kama yanzu ko in jira?

Amsa: Malam, kada zanen da ke jikin allon talla ya yanke maka shawara. Abin da zai ci da shagonka shi ne yawan gidajen da ake kwana a cikinsu. Gidan da aka sayar daban, wanda aka tare daban, domin da yawa suna saye ne su ajiye har farashi ya tashi.

Ka je unguwar a tsakiyar mako, tsakanin ƙarfe 8 da 9 na dare, ka zaɓi layuka uku mafi kusa da shagon, ka ƙirga gidajen da ke da haske. Da rana ka duba shanya a igiya, labule a taga, yara masu tafiya makaranta. Ka rubuta adadin, ka sake ƙirgawa bayan wata uku. Bambancin da ka samu shi ne ainihin saurin unguwar.

Jinkirin yana da dalili. Irin wannan aiki kashi-kashi ake yinsa, kuma sau da yawa da kuɗin cinikin kashi na farko ake ɗora na biyu, saboda haka in ciniki ya ja baya, gini ma sai ya tsaya. Sannan mutane ba sa tarewa sai ruwa da wuta da hanya sun samu. In ka ga an kafa taransifoma, an binne bututun ruwa, an gama magudanai kafin a zuba kwalta, tarewa ta kusa. In kuwa an yi wa gidaje fenti amma hanyar shiga tana zama taɓo da damina, da sauran jira.

Yanzu lissafi. Ka haɗa haya da albashin yaron shago da kuɗin wuta da sufuri na wata guda. In ribarka kashi 20 cikin 100 na kuɗin ciniki ce, sai ka yi cinikin da ya ninka wannan kuɗi sau biyar kafin ka mayar da shi. Ka raba a kan gidajen da ka ƙirga, ka ga ko gida ɗaya zai iya kashe haka a wurinka, alhali yawancinsu suna sayayya a hanyar dawowa daga aiki. In bai fita ba, ka jira. In ya kusa fita, ka kama, amma da kuɗin tafiyar da shago na wata shida a ajiye, ban da jarin kaya.

A yarjejeniya ka nemi shekara ɗaya da damar sabuntawa, a kuma rubuta iyakar ƙarin haya, don kada ka sha wahalar farko wani ya zo ya ci moriya. Ka ga taswirar unguwar da idonka: filin na kasuwanci ne? An ware wa babban kanti wuri kusa da kai? Wace ƙofa ce ta dindindin? Wannan ta ƙarshen tana kayar da mutane sosai, domin ƙofar da manyan motoci ke bi a yau ana iya rufe ta da zarar an gama gini.

Masu sayenka na farko magina ne da leburori da masu gadi. Ka riƙe kayan da ba sa lalacewa, a ƙananan ƙulli: ruwan sha, sabulu, batir, ƙwan fitila, makulli. Kada ka ba su bashin da ya wuce mako guda, domin ranar da kwangila ta ƙare sun bar wurin.