Ku Tambaya Mu Amsa: Hutu a Biyantiyan, me zan tarar?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ni ɗalibi ne a Maleshiya, hutun Disamba ina so in leƙa Laos. Abokaina sun ce wai Biyantiyan, babban birnin ƙasar, ba komai sai barci, gara in tafi Bankok. Gaskiya ne? Kuma ya batun sallah da abinci? — Ɗalibi daga Kuwala Lumfur

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In kasuwa da hayaniya kake nema to ka bi abokanka, amma in hutu kake so na gaske wallahi ka tafi, kuma Disamba ka dace don ruwa ya ɗauke, zafi ya yi sauƙi. Garin na bakin kogin Mekong ne, kana tsaye kana hango Tailan a tsallake, da yamma mutane su fito yawo su ci kasuwar dare ba mai turereniya da kai.

Kwana biyu sun isheka cikin gari. Ka ga That Luang, hasumiyar nan mai ruwan zinare da aka gina a 1566, ka hau Patuxai, wata babbar ƙofar tarihi, ka kalli garin daga sama. Amma inda nake roƙonka kar ka tsallake shi ne cibiyar COPE, masu yi wa mutane ƙafafu da hannayen roba. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa ƙasar Laos bama-bamai sama da tan miliyan 2, da yawa ba su fashe ba, har yau manomi yana noma ko yaro yana wasa sai abu ya tashi da shi. Shi ya sa in ka fita ƙauye kar ka ratsa daji kai kaɗai, bi hanyar da mutane ke bi.

Wajen gari kuwa, hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021, kamar awa ɗaya kana garin Vang Vieng, duwatsu da koguna da gonakin shinkafa, ka yi hayar keke kawai.

Sallah ba matsala, akwai masallacin Juma'a kusa da dandalin Nam Phu a tsakiyar gari, da gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan na halal. A ƙauye ne sai ka yi hattara don naman alade ya yi yawa, ka tsaya kan gasasshen kifi da shinkafarsu mai danƙo.

Biza kuma kar ka dogara da ta filin jirgi in fasfon Najeriya gareka, je ofishin jakadancinsu nan Kuwala Lumfur tun kafin ka yanki tikiti.